Ranar da Aka Zaunar da Ni Kusa da Ya Falmata

Wata Laraba ce da kaka, shekarar da na shiga aji uku a ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa, kakata Inna Dije ta shigo gida riƙe da hannun Ya Falmata. Ina ganinta, kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Wannan mata Babarbariya ce, ta zo daga gabas ita kaɗai, ta zauna a wata bukka bayan rumbunanmu. Mu yaran gari mun tabbata mayya ce, domin takan ƙura wa yaro ido har sai ya ɓace mata. Kwana uku kafin nan ta dubi ƙanena Sule a bakin rijiya, zazzaɓi kuwa ya kwantar da shi. Maza sun riga sun yanke shawara a zaure cewa washegari za a sa ta tsallake shi ta mayar masa da kurwarsa, sannan a kore ta daga garin.

A lokacin nan matan gidanmu da na maƙwabta suna gindin tsamiya suna ɓarar gyaɗa. Tun da ba a yin tatsuniya da rana, al'adarmu ita ce duk wadda ƙwaryarta ta cika, sai ta ba da labarin abin da ya same ta da gaske. Kakata ta ajiye wa baƙuwar ƙwarya, ta zaunar da ni dab da ita. Na lulluɓe fuskata da mayafi ina karanto duk addu'ar da na iya, ina jiran in ji an zare mini kurwa. Hannun Ya Falmata kuwa ya fi na kowa saurin ɓara.

Da ƙwaryarta ta cika, mahaifiyata ta miƙe za ta bar wurin. Kakata ta ce, "Koma ki zauna, Hanne. Ƙwarya ta cika, dole a saurara."

Da Hausarta mai nauyi, Ya Falmata ta faɗi yadda ƙyanda ta ɗauke mata 'ya'ya uku cikin mako guda, autan sa'an Sule ne. Ta ce, "Ina duban naku ne in ga inda tsawonsa zai kai da yana raye."

Can mahaifiyata ta ambaci sunayen yayyena biyu da suka rasu kafin a haife ni, sunayen da ban taɓa ji ba. Sauran mata suka bi da nasu. Kafin la'asar mahaifiyata ta aika wa mahaifina cewa babu mai tsallake mata ɗa, a kai shi asibiti Kazaure. Sule ya warke, Ya Falmata kuma a garinmu aka yi mata sutura bayan shekaru masu yawa.

Yanzu inji ke ɓare buhun gyaɗa kafin mutum ya gama alwala, kowa ya kwashi nasa ya wuce, baƙo ya shekara a unguwa ba a san waɗanda ya rasa ba. Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne, da an kore ta, da ni ma na bi ta da jifa.