Baba Labo da Ƙwallo Mai Tsini Biyu

Kowace safiya Baba Labo kan shimfiɗa buzunsa a rumfarsa ta bakin kasuwar Illela, ya jera basilla da aska da zare, ya jiƙa fata. Shekara arba'in da uku ke nan yana ɗinkin takalma da kube da jakunkuna. Bana ido ya fara gazawa, ya ce zai ajiye aiki. Shi ya sa nake so ku ji abin da ya yi wa ɗiyanmu mata.

Bara Madam Zaituna, malamar wasanni a lakwal, wato makarantar bokon garinmu, ta haɗa gasar ƙwallon Amurka ta ƴan mata tsakanin Illela da Malbaza da Konni. Irin wasan da ba a kayar da kowa ne, ƙyalle ake fizgewa daga ƙugun mai gudu da ƙwallo. Ƙwallon kuwa ɗaya tak gare su, mai tsini biyu, ana yawo da shi gari gari a motar kasuwa. A wasa na huɗu ya faɗa kan ƙayar aduwa ya fashe, ɗinkinsa ya ɓalle. Aka nema har Sakkwato, babu. Iyayen da tun farko ba su so abin ba suka ce, to shi ke nan, kowacce ta zauna gida.

Madam ta kai wa Baba Labo ƙwallon. Ya juya shi, ya sake juyawa, har ya sunsuna.

"Madam, wanga fata ce ko roba? Kuma don mi sunka yi shi kamar gwanda?"

"Wallahi Baba, ni ma haka na gan shi."

"Bar mini shi, in ga cikinsa."

Ya farke shi, ya tarar da yanki huɗu masu siffar ganyen mangwaro. Ya yanka irinsu a fatar akuya riɓi biyu, ya sa robar cikin tayar moto, ya ɗinke sumul. Da aka jefa, sai ƙwallon ya yi ta tangaɗi a sama, ya faɗo bai kai taku goma ba. Ƴan mata suka fashe da dariya. Shi bai yi fushi ba, mamaki ne ya kama shi. Ya kira Humaira, wadda ke jefa wa ƙungiyar Illela ƙwallo.

"Ɗiyata, gwada mini yadda kike riƙe tsohon."

Ta nuna masa inda yatsunta ke kama igiyar da ke bayan ƙwallon.

"Ashe! Ni na ɗauka igiyar ga ado ce, na bar ta."

Ya auna tafin hannunta da zare, ya gane ma na Turawan ya yi mata girma. Na biyun da ya ɗinka ya yi nauyi. Na uku da Humaira ta sake shi, ya tafi sak yana juyawa, filin ya ɗauki guɗa.

Kai ne, Baba, dattijon da ya rufe rumfa ran kasuwa ya tsuguna gaban ƴar shekara goma sha biyar yana neman sani. Labo mai basilla, ba ka taɓa ganin wasan ba, amma ba don kai ba da gasar ta mutu a tsakiya.

Bai tsaya nan ba, ya ɗinka wa Malbaza da Konni nasu. A wasan ƙarshe Konni ta cinye mu da ƙwallon da ya yi mata. Mutane suka yi ta tsokanarsa cewa ya ba abokan gaba makami.

Ya ce, "Su ma ɗiyan mutane ne. Ni dai ku gaya mini, ƴar Konnin nan da ta cafe shi da hannu guda, yaya ta yi?"

Mun gode, Baba Labo. Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Ku kuma masu sana'a, in an kawo muku abin da ba ku taɓa gani ba, kada ku yi saurin cewa ba aikinku ba ne. Baba ya riga ya koya wa maƙwabcinsa Yakuba yankan da ɗinkin. Bana ƙungiya biyar za su buga, har da Badagishiri da Dogarawa, kowacce da ƙwallonta.