Motar da ta ƙi fita ta ƙofar raƙuma

Shekarun baya, tun kafin a ba mu mulkin kai, ni kafinta ne a Fagge, ina ƙera bodin katako na manyan motoci. A lokacin ne gwamnati ta fito da wani tsari. Ta ce maimakon a riƙa sayo mota sukutum daga Ingila, za a riƙa kawo inji da tayoyi da ƙarfen gindi kawai, 'yan ƙasa su ɗora sauran. Aka ba wasu daga cikinmu ƙwarangwal ɗin mota ɗai-ɗai don gwaji, aka sa ranar da kowa zai kai tasa a duba. Wanda tasa ta yi, za a riƙa ba shi aikin gwamnati, a kuma taimaka masa da kayan aiki. Ni dai a raina na riga na zama mai masana'anta, har tafiyata sai da ta sake.

Abokin aikina makanike ne, Ibo, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gudu idan ana ciniki. Shi ke kula da inji, ni katako. Ya ce mu yi aikin a bakin titi inda muka saba. Na ce ina, ba da ni ba. Na farko ina tsoron kambun baka, don kowa ya wuce sai ya ce wani abu. Na biyu kada kafintocin Sabon Gari su leƙo su kwashe mini fasaha. Ya ce, "Wace fasaha? Akwati ne fa mai taya." Ban kula shi ba.

Sai na kai motar gidanmu. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, mai masaukin fatake ne, kuma akwai fili a cikin gidan inda raƙuma ke gurfana. Shi ya gina ƙofar filin da hannunsa, mai faɗi da tsawo, yadda raƙumi zai shiga da kayansa. Ana ce mata ƙofar raƙuma. Tun da ya rasu, mahaifiyata ba ta yarda kowa ya share gaban ƙofar sai ita, kuma kowace shekara kafin damina sai ta sa an yi mata yaɓe. Abokina ya zauna a kan akwaku, don motar ko kujera ba ta da ita, ya tuƙa ta ciki ba tare da ta taɓa ko'ina ba. Na sa aka rataye asabari aka rufe.

Na yi aiki, ba yabon kai ba. Katakon maɗaci na sa, na ƙara wa bodin faɗi yadda 'yan kasuwarmu ke so don buhunan gyaɗa su zauna sosai, na ɗora rumfa mai tsawo, na shafa koren fenti. Duk tsawon aikin nan, ni da shi, babu wanda ya waiwaya ya dubi ƙofar.

Ana gobe za a kai, da hantsi, abokina ya tayar da inji ya nufi waje. Hancin motar ya fita, bodin ya tsaya cak. Ya ja baya, ya sake gwadawa ta gefe. Muka sace iskar tayoyi, rumfar ta ɗan yi ƙasa, amma faɗin yana nan daram. Ya kashe inji ya sauko yana goge hannu, ya ce, "Malam, ka so ka ɓoye wa mutane mota, to ga ta nan ta ɓoyu." Ban yi dariya ba. Warware bodin a sake ɗorawa a waje ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma an gaya mana wanda bai zo ba ranar ya fita ke nan.

Mahaifiyata ta fito ta tsaya tana kallo. Abokina ne ya je ya tsuguna a gabanta ya ce, "Mama, ko dai ƙofar nan, ko aikin ɗanki. Babu ta uku."

Ta dube ni ta ce, "Kai da aka ce kafinta, ba ka auna ba?"

Na ce, "Inna, motar na auna."

Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar. Can ta ce, "Ubanku ya gina ta ne don abin da ke kawo mana abinci ya shiga ya fita. Raƙuma sun daina zuwa, motocin nan naku ne suka kore su. Ku rushe. Amma azarar da ke sama tawa ce, kada wanda ya karya mini ita." Ta shige ɗaki, ba ta fito ba har muka gama. Wallahi kowane sara da na yi wa bangon nan sai da na ji shi a ƙirjina.

Muka fita da mota, duk Fagge suka fito kallo, har da kafintocin da nake gudu. Washegari jami'in da ke dubawa ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce ta yi, sai dai ta ɗan yi faɗi, a rage a na gaba. Muka sami aikin. Mun ci abinci da shi na 'yan shekaru, na yi aure a ciki. Daga baya tsarin ya sake, aka koma ga bodin ƙarfe da ake haɗawa a Kudu, aiki ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Abokina ya koma gyaran inji, ni na koma ƙera ƙofofi da benci.

Har yau idan na ji a rediyo an ce gwamnati za ta fara ƙera mota a ƙasar nan, ba na yi musu dariya kamar yadda matasa ke yi, ba kuma na rawar jiki. Na san ana iya yi, don da hannuna na taɓa. Abin da nake cewa kawai, duk wanda zai kira mutane su shiga irin wannan tsari, ya san akwai waɗanda za su rushe abin da ba ya sake ginuwa saboda maganarsa, don haka kada ya juya musu baya a tsakiyar tafiya.

Na sha ce wa mahaifiyata zan sake gina ƙofar, takan ce in bar shi, wadda zan gina ba ita ba ce. Azarar kuwa ta ajiye ta a ɗakinta, jikin bango, ba ta taɓa faɗin abin da za ta yi da ita ba sai a ciwonta na ƙarshe. Ranar da ta rasu ni na sa zarto na yayyanka ta, da ita muka rufe kabarinta.