Kunnen Baba Mai Gadi

Shekara goma sha tara Baba mai gadi ya yi a ƙofar makarantar yara da ke ƙasan gangara, kan benci mai ƙafa uku da bulo, buta a gefe, carbi a hannu. Da yanar ido ta rufe masa ido ɗaya ta fara cin na biyun, shugabar makaranta ta kira shi ofis ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ƙarshen wata za ka huta. Mai gadin da ba ya gani fa?"

Ya ce, "Allah Ya sa haka ya fi alheri, Hajiya." Bai gaya wa iyalinsa ba.

Abin da Hajiya ba ta sani ba, Baba ya daɗe da daina duban motoci. Hon yake saurare. Ya san na mai kawo ruwa, ya san na likitan da ke kawo tagwayensa a makare kullum. Har hannun da ya danna yakan gane. Wata rana malamar Turanci ta gaya masa Turawa da kalma ɗaya suke kiran kukan hon da na dinya, babbar agwagwar nan. Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Kalma ɗaya tak, 'yata? Ashe ba su taɓa gadi ba. Akwai na sallama, akwai na zagi, akwai na mutumin da ya yi faɗa da matarsa kafin ya fito."

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, da safe yara na layi a tsakar makaranta, sai ya ji motar makaranta tun daga saman gangara. Direban, wani dogo mai sanyin hali, sau biyu yake dannawa a taƙaice. Ran nan hon ɗin bai yanke ba.

Baba ya yar da carbi. Ya zare sakata, ya banka ƙyauren ƙofar duka biyu har bango, yana ihu, "Birki ya tsinke! Malamai, ku kwashe yara ku yi gefe!"

Ba wanda ya ga motar tukuna, amma muryar ta sa aka bi. Sai ga ta ta shigo kamar an jefo ta, ta ratsa inda layi yake, ta nutse cikin yashin filin ƙwallo. Yara ashirin da shida suka fito daga cikinta suna kuka, ko ƙwarzane babu.

Direban ya durƙusa gaban Baba. "Baba, wa ya gaya maka?"

"Kai mana. Tun daga sama kake gaya mini."

Hajiya ta daɗe tsaye, hannu a baki, tana salati. Can ta ce, "Baba, waccan maganar a bar ta. Gobe ni da kaina zan kai ka asibitin ido."

Ya ce to, amma a bari sai an tashi yara.