Ranar da mota ta shanye barkonona

Shekarar farin nan, na fito zan ɗora tuwo na tarar da maigidana gaban tsohuwar motarsa ta tsere, yana ɗura wa radiyata bidon ruwanmu na ƙarshe, jarka ɗaya tak da ta rage. Yana zubawa ta sama, tana zubarwa ta ƙasa. Kwana uku ke nan famfon Birni bai kawo ba.

Na ce, "Baban Hadiza, mu ma muna shan ruwa fa."

Ya ce, "Madam, 'yar huda ce, yanzu zan gano ta."

Na ɗebo ɗan garin barkonon da ya rage mini, cokali biyu, na juye cikin radiyatar, yadda direban babana yake toshe yoyo.

Yoyo ya tsaya. Rabin bido ya tsira, muka ci tuwo da miya salam.

Har yau cewa yake shi ya gyara. Ku ma haka injiniyoyin gidanku suke?