Sunan Hye-rin a Gefen Layi

Ranar Laraba, sha biyu ga Maris, Bong Hye-rin ta rasu a wani asibiti a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu bayan gajeriyar jinya. Ni abokin aikinta ne, teburina na jikin nata, kuma da fushi nake wannan rubutu.

Yaya Hye-rin, kin karɓi shafin intanet na kamfaninmu lokacin da manhajar duba kurakurai ta ishe mu da ƙorafi, wai ba ta san window ba, ba ta san document ba, sunayen da kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta sani. Mu dai toshe mata baki muke yi mu wuce. Ke kuwa kika bi fayil-fayil kina sanar da ita inda kowanne yake aiki, har ƙorafin banza ya ƙare, na gaske ya fito fili. In na kawo aiki da gargaɗin manhajar a jikinsa sai ki ce, "Ƙanena, wa za ka ciyar da wannan ɗanyen abu? Gyara, sannan mu je cin taliya."

A sana'armu ta rubuta manhaja, kowane layin rubutu yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi ƙarshe. A wurin makoki mahaifiyarki ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ban taɓa gane aikin yarinyar nan ba. Ka zo ka nuna min inda sunanta yake." Na yi mata alkawari.

Furannin da ke teburinki ba su bushe ba, shugaban sashenmu, Pyo, ya sa wata manhaja ta sake daidaita tazarar layukan gaba ɗaya, don manya su gani su yaba. Bai gyara kuskure ko ɗaya ba, amma yanzu duk layin da aka duba, sunansa ne. Da na tunkare shi sai ya ce, "Haba, suna ne fa kawai. Yana nan cikin tarihin aikin, mai so ya tona." Ko kunya bai ji ba.

Fayil ɗaya tak ya tsira, wani ɗan ƙarami inda kika jera wa manhajar duba kurakurai sunayen burauza. Shi na buɗe wa Mama, mahaifiyarki, ranar Lahadi. Ta ɗora yatsa a kan sunanki, ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Duk shekarun nan, ɗan wannan ta yi?"

Ban yafe wa Pyo wannan tambaya ba.

Allah ya jiƙan ki da rahama, Yaya, ya saka miki da abin da aka goge. Mama da ƙanenki Tae-o, Allah ya ba ku haƙuri.