Sunan da Kakana Ya Tafi da Shi

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, da rana tsaka, idona biyu, kuma wallahi ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba. Yau kusan shekara goma ke nan. A lokacin ina aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, nan gefen Lyon, aikin da ba ya barin mutum ya ɗaga kai, sai ka yi wata uku ba ka je ko'ina ba in ba masallacin Juma'a ba.

Abin da ya kai ni Paris maganar kakana ce, mahaifin Inna wadda ta haife ni. Sunansa Idi Maman. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin Turawa daga ƙauyenmu na ƙasar Damagaram, Inna tana goye a baya, kuma bai dawo ba. Sauran da aka ɗauka wasu sun dawo, waɗanda suka mutu kuma an aiko da takarda, shi kuwa shiru. Sai magana ta tashi a gari wai yana nan da ransa, ya samu Baturiya ya zauna, ya manta da mata da ɗiya. Da wannan gori Inna ta girma, da shi aka yi mata aure, har ta tsufa in an yi faɗa da ita a bakin rijiya sai an soka mata shi. To shekarar nan ciwo ya kwantar da ita, na kira ta muna gaisawa, sai ta ce mini, "Kai da kake ƙasarsu, ba za ka tambaya mini ba? Ko gudun ya yi, a faɗa mini in sani kafin in tafi." Na ce mata, "Inna, in Allah ya yarda ba zan bar maganar nan ba sai na ga ƙarshenta."

Na rubuta wasiƙu har uku, amsa ɗaya ce, babu wannan suna. Ban haƙura ba. Wani abokin aikina ya ce in je da ƙafata Vincennes, wata tsohuwar fadar sarakuna ce a bakin Paris inda ake ajiye tsofaffin takardun soja. Na nemi konje, wato hutun aiki, na kwana uku, na hau jirgin ƙasa, na sauka wajen abokina Malam Sani, mutumin Maraɗi, mai gyaran waya a unguwar Barbès. Shi ya rufe shagonsa ya raka ni, Allah ya saka masa.

Kai, wurin nan sai wanda ya gani. Ganuwa ce ta dutse mai kauri, da wani rami mai faɗi kewaye da ita, ka haye gada ka shiga ta ƙofa, sai ga fili fetal, ga coci mai dogayen tagogi na gilashi kala-kala a gefe guda, ga gidajen sarauta a jere, ga wata hasumiya murabba'i ta tashi sama kamar ba hannun mutum ya gina ta ba. Amma ni ba kallo ya kawo ni ba, kai tsaye buro na nufa, wato ofishin takardun. Wata mata mai furfura ta karɓe ni, kuma gaskiya ta yi ƙoƙari, ta juya sunan ta kowace fuska, Idi, Iddi, Idrissa, Mamane, Mahamane, ta haɗa da sunan gari, ta cire, har ta kira wani abokin aikinta suka duba tare. A ƙarshe ta cire tabarau ta ce mini in yi haƙuri, wannan mutum babu shi a wajensu.

Na fito fili na tsaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Malam Sani ya ce mu tafi mu ci abinci, gobe ma rana ce. Na ce masa ba inda za ni, ko za su rufe ƙofa da ni a ciki, sai an buɗe buro bayan hutun rana na koma, in ya kama in bi sunan kowane soja na ƙasarmu ɗaya bayan ɗaya zan bi. Ya dube ni ya ga da gaske nake, sai ya ce to tunda jira za mu yi, mu hau hasumiyar nan mu rage lokaci.

Matakalar ciki murɗaɗɗiya ce, ƙunci gare ta, ga sanyi yana fitowa daga dutse. Malam Sani mai jiki ne, muna kaiwa hawa na biyu ya tsaya a bakin ƙofar wani ɗaki yana haki, ya ce in shiga shi zai huta nan. Ku riƙe wannan, ɗakin ƙofarsa ɗaya ce, kuma shi yana tsaye a bakinta. Na shiga, ɗaki ne mai faɗi da ginshiƙi a tsakiya, bango duk zane-zanen fursunonin da aka taɓa tsarewa a wurin. Na zagaya bayan ginshiƙin, sai na ga wani dattijo zaune a kan dakalin taga, dogo, baƙi, da farar riga irin ta gida wadda ta sha wanki, ƙafarsa da takalmin fata irin na ƙauye, alhali lokacin sanyi ne, ni ina cikin kwat biyu.

Ya ce, "Salamu alaikum, samari."

Na amsa, har na ji daɗi, don Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce sak, wadda na daɗe ban ji ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni? Yaya sanyi?" Muka gaisa sosai, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi damina, na ce alhamdulillahi. Ni duk zatona cikin tsofaffin da ƴaƴansu ke kawowa asibiti ne, aka fito da shi shan iska.

Sai ya ce, "Kai ne jikan Idi."

Ba tambaya ya yi ba, faɗa ya yi. Na ce, "Ni ne, Baba. A ina ka san ni?"

Ya ce, "Kuna ta wahalar da matar nan. Ai ba da sunansa ya tafi ba. Ka koma ka ce ta duba Barmu Kalla." Ya sake maimaitawa a hankali, Barmu Kalla, kamar mai koya wa yaro karatu. Sannan ya kau da kai wajen taga ya ce, "Ka gaya wa ɗiyarsa ba gudu ya yi ba."

Na laluba aljihu ban sami abin rubutu ba, sai na juya na ƙwala wa Malam Sani kira ya kawo biro. Taku nawa ne? Bai fi biyar ba. Ya shigo, muka zagayo ginshiƙin tare, dakali wayam. Na leƙa taga, a rufe take da ƙarfe, ko kyanwa ba ta fita. Na ce, "Ina tsohon da ke nan?" Malam Sani ya ce wane tsoho, shi tun da ya tsaya ba wanda ya shiga ba wanda ya fita, ya dai ji ina magana ya ɗauka waya nake yi. La'ilaha illallahu! Nan take na ja da baya daga dakalin. Malam Sani ya kama hannuna yana karanta Ayatul Kursiyyu, ya ce mu bar wurin nan yanzu-yanzu, mu koma Barbès. Na ce masa tsoro kam ina ji, amma wallahi ba zan fita ganuwar nan ba sai na kai sunan nan buro, ko wane ne ya ba ni shi.

Matar ta yi mamakin ganina. Na rubuta mata sunan a takarda. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗago kai ta ce akwai shi, ta tambaye ni inda na samo, na ce wani dattijo ne ya tuna mini. Washegari aka fito mana da takardar. Sunan ƙauyenmu ne a jiki, sunan matarsa kuma sunan kakata ne, har da tabon ƙuna a kafaɗar dama wanda kakata ta sha ba mu labarinsa. An rubuta ya rasu a asibiti sakamakon rauni, an binne shi a maƙabartar sojoji a gefen Lyon. Lyon fa, jama'a! Shekara shida ina garin.

Ina sauka daga jirgi ban biya gida ba, can na wuce. Na bi layin kaburburan Musulmi ina karanta duwatsu har na same shi, Barmu Kalla, an sassaƙa da harufan Turawa. Na zauna a ƙasa na yi masa addu'a da sunansa na gaskiya, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Daga nan na kira Inna.

Na gaya mata komai. Ta ce, "Alhamdulillahi. Ashe yana kwance." Sai kuma ta ce, "Tsohon da ka gani, yaya hannunsa na hagu yake?" Sai a lokacin na tuna, da ya ɗora hannun a gwiwa na ga babu babban yatsa. Na faɗa mata. Na ji ta ja salati.

Ta ce, "Wannan ba babana ba ne. Barmu ne da kansa, ɗan maigari. Yatsan nan a gabana gatari ya cire shi." Ta ce babanta a gonar gidansu Barmu yake aiki kafin a tafi da shi, kuma daga gidan nan ne maganar Baturiya ta fara fitowa. Tun tana yarinya, duk kaka sai Barmu ya kawo damin hatsi ya ajiye a ƙofar gidansu Inna ya juya, bai taɓa shiga ba, bai taɓa faɗin dalili ba, sai yau ta gane Barmu aka kira soja, aka tura babanta a madadinsa da sunansa. Na ce to ko yana da ɗa ko ƙane mai kama da shi a Faransa? Ta ce, "Wane irin Faransa? Mutumin da ko Zinder sau biyu ya je. Ya rasu tun kafin in haife ka, ina cikin matan da suka ɗebo ruwan wankansa."

Inna ta ƙara wata bakwai a duniya. Na aika mata hoton kabarin, aka ce ta sa an kira tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya ta nuna musu.

Ni dai ban ce fatalwa na gani ba, na san wanda ya mutu ba ya dawowa. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne, ɗaya ya ce in bar wa Allah saninsa, kuma na bari. Amma har yau in na tuna yadda na durƙusa a gabansa muna gaisawa, yana tambayata damina, sai in ji sanyi ya bi ta bayana.

Shawarata gare ku, in kuna da tsoho a gida, ku zauna ku tambaye shi abin da ya sani tun yana iya magana, ku rubuta sunaye yadda suke. In kuma kai ne ka riƙe wata gaskiya da ta shafi wani, ka je ka faɗa masa da bakinka tun kana da rai.