Ƙasar da Muka Zubar a Kududdufi

Shekara hamsin ke nan cif tun safiyar da wata landiroba ta tsaya a ƙofar gidanmu a Daura. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Mutum biyu suka fito, ɗaya riƙe da jakar Yaya Habu. Da na ga jakar babu mai ita, na ajiye rariyar. Tankar mai ce ta haɗu da motarsu a hanya, yana tahowa hutu.

Lokacin ne kuɗin mai ya fara yawo a ƙasar nan. Sa'o'insa suna dawowa gida da sababbin motoci da rediyo mai kaset. Shi ma a kamfanin mai yake aiki, can bakin teku, amma aikinsa duba laka ne. Ya taɓa yi mini bayani. A cikin teku akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Idan ruwa ya ɓaci, sai su rufe kansu cikin kwanso su nutse. Kwanson nan ba ya ruɓewa, ko bayan shekaru aru-aru. Idan aka haƙo laka, sai ya wanke ta, ya shimfiɗa a ɗan gilashi, ya duba da madubi irin na asibiti. Daga kamannin kwanson yake gane ko wurin tsakiyar teku ne a can da, ko gaɓa, ko bakin kogi.

Kamfanin ba wannan labarin yake so ba. Mai yake so. Idan rami bai ba da mai ba, sai a watsar da lakarsa. Wannan ya riƙa cinsa a rai.

Shi ya sa ya juyo da hankalinsa gida. Ana haƙa wata rijiya mai zurfi a wani ƙauye kusa da Baure, sai ya roƙi mai haƙar, Malam Tanko, ya riƙa ɗebar masa ƙasa daga kowace gaba, ya ɗaure daban. Yaya ya rubuta zurfin a jikin kowane ƙulli, ya jera su a ƙarƙashin gadonsa.

Na ce, "Yaya, teku a Baure? Inda akuya ke neman ruwa?"

Ya ce, "Ke Binta, ban ce akwai ba. Cewa na yi a duba. Kada dai kowa ya taɓa mini su. In suka gauraya, sun zama ƙasar banza."

A hutun nan da bai iso ba ne ya yi niyyar ɗaukar ƙullin nan zuwa wurin aikinsa, ya duba su da madubi.

Bayan sadakar bakwai aka buɗe ɗakinsa. Baffa Isa, ƙanen mahaifinmu, ya leƙa ƙarƙashin gado ya ja da baya yana salati.

Ya ce, "Ƙasa a ƙulle, da rubutu a jiki, a inda mutum yake kwana? Wannan sammu ne. Wa ya san ko shi ya ci yaron nan?"

Na san ba haka ba ne. Ni kaɗai na sani a gidan. Amma Inna tana kuka, maza sun cika zaure, ni kuma mace ce mai shekara ashirin da 'yan kai. Baffa ya ce, "Binta, kwashe." Na kwashe. Da hannuna na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na zazzage a kududdufin bayan gida, aka ƙone tsummokaran. Ƙulli ashirin da uku.

Mutane suna cewa lokaci yana sanyaya zuciya. Tawa ba ta sanyaya a kan wannan ba. Ban riƙe Baffa ba, ya yi abin da ya sani, Allah ya jiƙansa. Kaina na riƙe. Kuma na riƙe kamfanin da ya aiko jakarsa da takardar ta'aziyya, bai taɓa tambayar abin da yake bincike a kai ba.

Yau ina ji a rediyo ana neman mai a Arewa, ana kuma cewa teku yana cin garuruwan da ke bakinsa. Da Yaya yana nan, na san abin da zai tambaya: lakar da suke haƙowa, ana ajiye ta, ko ita ma zubarwa ake yi? Ba na jin amsar za ta yi masa daɗi.

Rijiyar Malam Tanko ta rufta tuntuni. Abin da ya rage mini shi ne littafin da na samu a jakar. A kowane shafi ya rubuta zurfi da launin ƙasar, ya ja layi, ya bar fili don abin da madubi zai nuna. Shafi ashirin da uku. Har yau filin babu komai.